Na sayi tsohon jirgi mai filafilai: in sake inji da na'urori, ko in gyara waɗanda ke ciki?

Mai tambaya ya sayi jirgin ruwa mai filafilai ƙirar shekarun 1980, tsawonsa kusan mita 10, da ƙaramin injin dizal mai silinda biyu. Injin yana jinkirin tashi, yakan yi zafi in an ɗan matsa masa, kuma duk lokacin da aka buga kik sai allon GPS da ma'aunin zurfi su ɗauke. Yana son ya san ko ya fitar da komai ya sa sabo, ko kuwa akwai gyara, kuma daga ina zai fara.

Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar fitar da komai. A cikin abubuwa ukun da ka lissafa babu ko ɗaya da ke nuna cewa injin ya ƙare ko na'urorin sun mutu. Injinan wancan zamani, irin su Yanmar 2GM20 da Volvo Penta 2002 da babban yayansu Perkins 4.108, ba su da kwamfuta ba su da fulogi. In suka samu mai mai tsabta da iska da matsi, sai su tashi. Kuma injin jirgin filafilai ba ya shan wahalar aiki, domin iska ce ke yin yawancin tafiyar, shi nasa fita daga tasha ne da shiga. Zama ne ke cinye shi, da ruwan da ya shiga inda bai kamata ba: cikin tankin mai, cikin salansa, cikin waya. Duk binciken da za ka yi, sawun ruwan nan za ka bi.

Kafin ka taɓa inji, duba abin da zai iya nutsar da jirgin. Kowane rami da ke ƙasa da layin ruwa yana da bawul. Buɗe shi ka rufe, ka tabbata hannunsa yana juyawa. Kankare jikinsa kaɗan da wuƙa: in ƙarfen ya fito ruwan ɗorawa, lafiya, in ya fito jaja-jaja, tutiyar da ke cikin tagullar ta zube, ƙarfen ya zama kamar gasasshen yumɓu, yana iya karyewa a hannunka. Bawul mai kan da ake murɗawa kamar na famfon gida ba na ƙasan jirgi ba ne, a sake shi da mai hannu wanda kwata ɗaya na juyi ke rufe shi. Matsa kowane tiyo da yatsu. Wanda ya yi tauri kamar itace ko ya yi laushi kamar soso ya gama aiki. Kilif biyu na ƙarfe marar tsatsa a kowane baki, sannan ka ɗaure toshen katako da igiya kusa da kowane bawul.

Sai batun zafi. A nan zan daɗe, domin nan ne mutane suka fi asarar inji. Ruwan teku yana shiga ta bawul, ya bi ta rariya, famfo ya tura shi cikin bututun sanyaya, daga nan ya faɗa gwiwar salansa ya haɗu da hayaƙi su fita tare ta bayan jirgi. Bi hanyar nan daki-daki, kada ka tsallake ko ɗaya. A rariya, murfin da robarsa ta tsufa yana shan iska, famfo kuma ba ya jan ruwa in yana jan iska. Cikin famfon akwai imfela, wato ƴar farfela ta roba mai fukafukai. Ruwan da take turawa shi ne man shafawarta, saboda haka in ta juya a bushe na ɗan lokaci kaɗan sai ta ƙone. Sake ta kowace shekara ko da ta yi kyau a ido. In ka ciro tsohuwar, lanƙwasa kowane fiffike baya ka duba gindinsa, nan tsagewa ke farawa. Sannan ka ƙirga fukafukan. In ɗaya ya ɓata, bai narke ba, yana can gaba ya toshe bakin bututun sanyaya, kuma sai ka buɗe ka zaƙulo shi, in ba haka ba sabuwar imfela ba za ta hana zafi ba. Shafa wa sabuwar giliserin ko ruwan sabulu lokacin sawa, ban da giris na man fetur, yana cin wasu nau'o'in roba. Duba cikin murfin famfon ma: in imfela ta ci shi ta yi zobe mai zurfi, ruwa zai riƙa zillewa ta nan.

Ka san irin injinka. Akwai wanda ruwan teku ke ratsa jikinsa kai tsaye, akwai mai ruwa biyu, wanda ruwan sanyaya ke zagaya ciki kamar na mota, ruwan teku kuma ya sanyaya shi ta cikin ƙananan bututu. Na farkon ana riƙe shi da sanyi da gangan, domin daga wajen digiri 60 gishiri da ƙasa-ƙasa ke fara daskarewa a hanyoyin ruwa. Shi ya sa ba a sa masa tamostat (bawul mai daidaita zafin inji) na mai ruwa biyu, wanda ke aiki wajen digiri 70 zuwa 85. A mai ruwa biyu, zare damin ƙananan bututun ka haska tocila ta ciki, ka wanke waɗanda suka toshe, ka sake ruwan sanyaya duk shekara biyu, rabi ruwa rabi magani, kuma kada ka gauraya iri biyu. Da yawa daga cikin injinan nan suna da ɗan sandan tutiya da aka ɗaura a jikinsu domin gishiri ya ci shi maimakon inji. In rabinsa ya tafi, a sake.

Gwiwar salansa ita ce aka fi mantawa. Hayaƙi mai zafi da ruwan gishiri suna haɗuwa cikinta shekara da shekaru, baƙin gawayi da tsatsa su cike ta har ramin ya koma kamar na yatsa. Alamarta ita ce injin da ke lafiya a hankali amma ya yi zafi in an ƙara totur, ga baƙin hayaƙi, ga rashin ƙarfi, kuma wannan ya yi kama da abin da ka faɗa. Kwance ta ka leƙa. In bangon da ke raba ruwa da hayaƙi ya huje, ruwa yana komawa kan bawul ɗin silinda, kuma ba a gyara irin wannan, sabuwa ake sawa.

Ga wani abu da ya shafe ka kai tsaye tunda injinka yana jinkirin tashi. Duk lokacin da kake buga kik, famfo yana zuba ruwa cikin tukunyar salansa, amma babu hayaƙin da zai kore shi waje. In ka daɗe kana bugawa, tukunyar ta cika, ruwa ya koma cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa, sai sandan fistin ya lanƙwashe. Saboda haka in jimillar bugun ta kai daƙiƙa 30 bai tashi ba, rufe bawul ɗin ruwa, ka buɗe shi nan take da ya kama. Haka kuma injin da ke zaune ƙasa da layin ruwa yana buƙatar tiyon ya yi gwiwa sama, aƙalla santimita 30 bisa layin ruwa, da ɗan bawul mai shigar da iska a ƙoli. Gishiri yana liƙe wannan bawul, in ya liƙe sai ruwa ya ci gaba da zuƙowa bayan an kashe inji. Wanke shi da ruwan ɗumi sau ɗaya a shekara.

Mai kuwa, matsalarsa ruwa ce da iska. Ruwa yana shiga tanki ta raɓar da ke taruwa a bangonsa, ya fi shiga kuma ta murfin zuba mai da ke kan bene in zoben robarsa ya tsage. Ɗan zoben nan shi ne abu mafi ƙanƙanta da zai iya tsayar da kai a tsakiyar teku. Ruwan yana kwanciya a ƙasan tanki, ƙwayoyin cuta su yi gida tsakaninsa da mai, su bar baƙar majina. Dizal na yanzu ya fi jan ruwa, domin a Turai alal misali ana yarda a gauraya shi da man tsirrai har kashi 7 cikin ɗari. A tasha ba za ka ga komai ba. Ranar da igiyar ruwa ta girgiza tankin, dattin ya tashi ya toshe filta, daidai lokacin da ka fi bukatar inji. Zura ɗan tiyo har ƙasan tankin ka zuƙo lita ɗaya cikin kwalba mai haske, ka ajiye ta ta kwanta. In ka ga ruwa a ƙasa ko baƙin abu yana yawo, sai an kwashe man an wanke tankin da hannu, magani kaɗai ba ya fitar da abin da ya riga ya taru. Filta biyu ake so: ta farko mai kwanon raba ruwa, mai maikiron 30 ko 10, sai ta jikin inji wadda ta fi ta ƙanƙantar ido. Ajiye aƙalla biyu-biyu a jirgi.

Koyi fitar da iska tun kana ɗaure a tasha. Sassauta notin da ke saman filtar inji, ka riƙa danna hannun ƙaramin famfon mai har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla, ka ɗaure. In hannun bai ja komai ba, juya injin kaɗan da hannu, famfon ya tsaya ne a kan tudun kam, wato ƙarfen cikin inji mai tura shi. Yi haka a famfon nozul. In har yanzu bai tashi ba, sassauta notin bututun da ke kan nozul, ka buga kik har mai ya tsirto, ka ɗaure. Kada yatsanka ya kusanci wurin, matsin yana iya huda fata. Injin da ke tashi da wuya bayan ya kwana biyu amma ya tashi nan da nan in da ɗumi, sau da yawa iska ce ke shiga ta wata tsohuwar wosha ta jan ƙarfe. Ba a maimaita waɗannan woshoshi. Feshin tayar da inji kuma ka nisance shi, yana fasa zoben fistin.

Baƙin mai ba shi da dogon bayani. Sake shi da filtarsa duk awa 100 zuwa 150 ko shekara ɗaya, wanda ya riga zuwa, kuma kafin a ajiye jirgi na watanni, domin tsohon mai yana da tsami mai cin ƙarfe. Ɗumama injin tukuna, ka zuƙe man ta ramin ma'auni. 15W-40 na dizal ya wadatar da yawancinsu. In man ya fito kamar madara, ruwa ya shiga, kada ka sake tayarwa sai ka gano ta ina. Giya tana da nata man dabam: giyoyin kamfanin Hurth man giyar otomatik suke sha, na kamfanin Kanzaki da yawa baƙin mai, saboda haka karanta farantin da ke jikinta. Bel ya lotsa kamar santimita ɗaya in ka danna da babban yatsa. Baƙar ƙura a gaban inji alama ce yana zamewa. Tazarar bawul a Yanmar GM milimita 0.2 ce, inji na sanyi. Inda sandan farfela ya fita daga jirgi, ɗigo biyu ko uku a minti yana juyawa shi ne daidai, in ka ɗaure har ya daina ɗiga gaba ɗaya zai yi zafi ya ci sandan. Kuma ka daina barin injin yana gurnani a hankali don cajin batir kawai. Dizal yana son kaya. Sa giya ka tafi da shi a kashi 70 zuwa 80 na iyakar gudunsa har ya yi zafi sosai.

Yanzu allon da ke ɗaukewa. Na'urar ba ta da laifi. Kik yana jan amfiya fiye da ɗari, wuta ta faɗi, yawancin na'urori kuma suna mutuwa in ta sauka wajen volt 10. Kuma ina kyautata zaton jinkirin tashin da wannan uwarsu ɗaya, domin dizal da zafin matsi yake kamawa, in kik bai juya shi da sauri ba zafin ba ya isa. Sayi mita mai auna wuta, ita ce za ta raba gardama. Batir da ya huta awanni ba caji ba kaya: 12.6 zuwa 12.7 cike yake, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 ya zube. Lokacin bugun kik kada ya sauka ƙasa da 9.6. In batirin ya riƙe amma kik yana kasala, wayar ce ke shanye wutar. Sa tsinken mita ɗaya a kan batir na fozitib, ɗaya a kan notin kik, wani ya buga. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ya ɓata a hanya, kuma bai kamata ya wuce rabin volt ba. Maimaita tsakanin negatib da jikin inji. Wannan ɓangaren ne aka fi samu da laifi, domin kowa jar waya yake kallo, ba a nan gizo ke saƙar ba. Kwance kowane kai, goge har ƙarfe ya yi haske, ɗaure, sannan ka shafa giris a bisa. In maɓalli yana yin ƙas-ƙas kawai kafin ya kama, siririyar wayar da ta zagaya daga inji zuwa wurin tuƙi ta dawo ce ta gaji. Ƙaramin rile, wato maɓallin da wuta ke kunna shi, kusa da kik yana warware wannan. Gyara na dindindin shi ne batir biyu: ɗaya na inji kaɗai, ɗaya na fitilu da na'urori, da rile mai haɗa su lokacin caji kawai. Tsohon mai raba caji na diyod yana cin kusan volt 0.7, batir ba ya taɓa cika. Da inji yana gudu, ka ga 13.8 zuwa 14.4 a kan batir. Kada ka taɓa kashe babban maɓallin batir alhali inji yana aiki, altaneta tana ƙonewa nan take. Batirin litiyam kuma ba a jona shi kai tsaye da tsohuwar altaneta, zai ja fiye da ƙarfinta, sai da caja a tsakani.

Feɗe waya ɗaya daga cikin tsofaffin. In jan ƙarfen ya yi baƙi ko kore, ci gaba da feɗewa, za ka ga baƙin ya yi nisa ciki, domin danshi yana bin silin waya kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Waya mai sili da yawa wadda aka shafe da kuza ake sawa a jirgi, ban da mai sili ɗaya ta gida, girgiza tana karya ta. A matse kai da filaya ta musamman, a rufe da roba mai tsukewa da zafi mai gam a ciki. Kauri kuwa lissafi ne. Ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara dokokin aikin ƙananan jiragen ruwa a Amurka, ta ce asarar wuta kada ta wuce kashi 3 ga fitilun tafiya da na'urori da famfon kwashe ruwa, wato volt 0.36. Ɗauki fitilar wat 25 a ƙolin sandan filafilai: amfiya 2, zuwa da dawowa mita 40. A wayar milimita 1.5 za ta rasa kusan volt ɗaya, sai mai milimita 4 za ta cika ƙa'ida. Fitilar LED mai jan kashi ɗaya cikin goma na wannan tana sa siririyar wayar ta wadatar. Fiyus kuma waya yake karewa daga gobara, shi ya sa ake sa shi cikin santimita 18 daga inda wutar ta taso. Tsofaffin jirage cike suke da wayoyin da masu su na baya suka ɗaura kai tsaye a batir babu fiyus. Bi kowace, wadda ba ta zuwa ko'ina ka cire ta.

Sai bayan wannan za ka iya yi wa na'urori adalci. Rediyon VHF shi ne na ceton rai, kuma ƙarfinsa a eriya da wayarta yake. Siririyar wayar eriya RG-58 tana cinye kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin a mita 30, mai kauri RG-213 kuwa ƙasa da rabi, in ruwa ya shiga ta kan da ke ƙolin sanda ko gindinsa asarar ta fi haka nesa. Auna da mitar SWR, mai nuna yawan ƙarfin da ke dawowa daga eriya: ƙasa da 1.5 lafiya, sama da 2 a bincika. In rediyo yana karɓa amma ya mutu in ka danna magana, wuta ce, domin wat 25 yana jan amfiya 5 zuwa 6. In tsohon ba shi da jan maɓallin DSC na aika saƙon neman ceto, wannan kam a sake shi, a sa wa sabon lambar MMSI, wato lambar shaidar jirgi, a haɗa shi da GPS. Gwada sabbin fitilun LED ma: masu tsaron gaɓar Amurka sun yi gargaɗi a 2018 cewa wasu suna toshe VHF da AIS, wato tsarin da jirage ke sanar da juna inda suke. Murɗa maɓallin rage shuu na rediyo zuwa daidai bakin inda shuu ke ɗaukewa, kunna fitilar, in shuu ya dawo ita ce.

Tsoho da sabo suna iya zama tare. NMEA 0183, tsohuwar hanyar da kayan aikin jirgi ke aika wa juna bayani, tana tafiya a gudun 4800, ta AIS a 38400, kuma rashin daidaita wannan lamba shi ne yawancin dalilin da na'urori biyu ke ƙin jin juna. Na'ura ɗaya ce ke magana a layi ɗaya, saura saurare. Sabuwar hanyar, NMEA 2000, tana son toshe biyu na ohm 120, ɗaya a kowane ƙarshen layin. Kashe wuta ka auna layin, ka ga ohm 60. Akwai akwatin fassara tsakaninsu, har da na tsohuwar hanyar SeaTalk ta kamfanin Autohelm, saboda haka ma'aunin iska da na zurfi masu aiki ba sai an jefar ba. GPS da ke nuna kwanan wata na kusan shekaru 20 baya ya faɗa juyin makonni ne, wato komawar ƙidayar makonnin GPS zuwa sifili, kamar yadda ya faru a Afrilu 2019. Wurin da yake nunawa yakan zama daidai, lissafin cikar teku da janyewarsa ne zai ɓaci. Idon ma'aunin zurfi fenti mai ruwa kaɗai ake shafa masa. Kamfas na matuƙin otomatik a nisanta shi kamar mita ɗaya daga inji da lasifika da manyan wayoyi.

A ƙarƙashin ruwa, tutiyar da ke kare sandan farfela daga cin gishiri ya kamata ta kai shekara. In ta ƙare cikin wata biyu ko uku, wuta ce ke zuba, galibi daga wayar famfon kwashe ruwa da ke kwance cikin ruwan ƙasan jirgi, ko ta wayar ƙasa ta wutar tasha, wadda ake sa wa abin raba wuta. Tutiya ta ruwan gishiri ce, magniziyam na ruwan daɗi, alminiyam yana yin gishiri da gauraye.

In ka yi duk wannan injin bai daidaita ba, sai a kira makaniki ya auna matsin silinda ya gwada nozul. Buɗe murfin zuba baƙin mai inji yana gudu: in hayaƙi yana bugowa da ƙarfi, ga shuɗin hayaƙi a baya, ga mai yana raguwa, zobba sun tafi, kuma ana iya sake su. Wanda ba ya gyaruwa shi ne injin da ruwan teku ya ratsa shekara arba'in har bangonsa ya yi siriri daga ciki, ko wanda kayansa suka daina samuwa. In naka ya faɗa nan, auna gadon inji da tsayin sandan farfela da faɗin salansa kafin ka zaɓi sabo, ka kuma tambayi ɓangaren da yake juyawa, domin in ya saɓa da tsohon, farfela ma sai an sake ta.